Ninki Dubu a Ɗakin Inna

Wannan babin shi na yi ta tsallakewa. Na rubuta na ƙuruciyata, na rubuta na aurena da babanku, na rubuta har na ranar da na ajiye aiki, amma duk sa'ad da na iso kan shekarar da aka fitar da Inna daga ɗakinta sai in rufe littafin in ce gobe. To, goben ta zo, don idanuna sun fara ja da baya, kuma ba na son wani ya rubuta mini wannan da hannunsa. Na san abin da kuka taso kuna ji a bakin dangi: wai Kawunku Garba ne ya kori uwarsa daga ɗakin da ta yi shekara hamsin a ciki don ya sami inda zai zuba kayan shagonsa. Na san shi ya sa kuka janye jiki daga gare shi, har ɗayanku ya yi aure bai kai masa goro da kansa ba. Ku karanta har ƙarshe, kuma kada wanda ya kira ni a waya kafin ya gama.

Kun san aikina, ko in ce kun san sunansa. Shekara talatin da ɗoriya na yi a ɗakin gwaje-gwaje na sashen injiniya, ina kula da na'urorin awo, ni kaɗai mace cikin maza. Sai na ɗan yi muku bayani, in ba haka ba ba za ku gane girman abin da na yi ba. Na'urar da ke jin motsi ko nauyi ba ta magana da lamba. Wata 'yar wuta take fitarwa, ƙanƙanuwa ƙwarai, wadda kwamfuta ba ta iya ji. Don haka ake sa wani akwati a tsakaninsu, amfilifaya, mai irin aikin da na masallaci yake yi wa muryar ladan. Shi zai ninka wutar sau goma, ko sau ɗari, ko sau dubu, gwargwadon inda ka murɗa maɓallinsa. Mu a wurin aiki gen muke ce wa wannan, amma a nan zan ce ninki, don kada 'yar'uwarku Zainab ta ɗauka janareta nake nufi. Daga nan sai ka shiga manhajar kwamfuta ka gaya mata cewa wuta kaza daidai take da milimita kaza. Wannan shi ne sikeli. Ninki da sikeli dole bakinsu ya zo ɗaya. In ka taɓa ɗaya ka manta da ɗayan, kwamfuta ba za ta yi maka gardama ba. Za ta ba ka lamba tsaf-tsaf, har da ɗigo da lambobi uku a bayansa, kuma ƙarya ce tsagwaronta. Shi ya sa kafin a yarda da kowane awo ake gwada na'urar da abin da aka riga aka san kaurinsa. Na yi wa ɗalibai tsawa a kan wannan har suna kirana Hajiya Sake-Gwadawa a bayan idona, ni kuwa ina jin daɗin sunan.

Gidanmu na Tudun Wada kun san shi. Ɗakin Inna shi ne na can ƙurya, wanda bangonsa na baya ya haɗu da na ƙaramin masallacin unguwa. Tun rasuwar Baba take zaune a ciki ita kaɗai, Yaya Garba da iyalinsa suna sashen gaba. A daminar shekarar nan ruwa bai ɗaga ƙafa ba. Wata rana da tsakar rana, gida uku daga namu, wata mata tana daka a madafa, ƙasa ta buɗe ta haɗiye turmin, ita kuma ta nutse har ƙugu kafin a jawo ta. Ashe tsohuwar rijiya ce aka cike da shara tun zamanin da, aka yi daɓe a kai, aka manta. Daga ranar kowa a unguwar ya koma tafiya yana kallon ƙasa. Sai ga Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, ta zo jaje, ta zauna a tsakar gidanmu ta ce ai mu ma akwai rijiya a filin nan kafin Baba ya yi gini, da idonta ta ga ana zuba mata ƙasa.

Na ce, "Gwaggo, a ina daidai?"

Ta ɗaga sandarta ta zagaya da ita kan rabin gidan, ta ce, "Wajen nan dai. Yarinya ce ni lokacin, wa zai riƙe?"

Sandar ta tsaya tana nuna ƙofar Inna. Ko da gangan ne, ko hannunta ne ya gaji a nan, ban sani ba.

Daga nan na fara lura da abubuwan da da ban kula da su ba. Ƙofar ɗakin, in ka tura ta ka bar ta, sai ta dawo a hankali ta buɗe kanta, ba iska ba komai. Wata rana ina zaune a bakin gadonta carbinta ya tsinke. Ƙwayoyin suka watse ko'ina, sannan ina kallo suka juyo ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarƙashin gado, daga bayan ƙofa, daga gindin akwati, suna gangarowa ba hayaniya, suka taru wuri guda a gefen dardumarta. Tsigar jikina ta tashi. Inna kuwa ko a jikinta, sai ma ta ce ai sun rage mata wahalar tsinta.

"Inna, daɓen nan ya lotsa."

"Ina ruwanki da shi? Shekara hamsin ina durƙusa masa a wuri ɗaya, in bai lotsa ba ai ya raina ni."

"Ba kya jin komai a ƙarƙashinsa?"

Ta ce, "In gari ya yi tsit da azahar nakan ji kamar ɗigar ruwa. Tun Malam yana raye nake ji. Bai taɓa hana ni komai ba."

Wannan maganar ce ta hana ni sukuni. Ɗalibai suna hutu, sai na nemi izini na ari kayan awo. Na'urar kamar alƙalamin biro take, tana da ɗan tsini da ke shiga yana fita, ko gashi ɗaya ƙasa ta motsa zai ji. A kan teburina na wurin aiki na saita komai yadda ya kamata: na sa ninki a ɗari, na shigar da sikelin ɗari a manhaja, na gwada da siraran ƙarafanmu na gwaji masu kama da reza, waɗanda aka rubuta kaurin kowanne a jikinsa, komai ya fito daidai. Na ɗora kayan a keke har Tudun Wada. Na sa mai walda ya kafa mini ƙarfe daga bango zuwa bango, na ɗaure na'urar a jikinsa, tsininta yana taɓa daɓe daidai inda ƙwayoyin carbi suka taru. Na haɗa akwatin da kwamfuta, na jona su da batirin mota don kada ɗauke wuta ya katse mini awo. Layi ya fito a fuskar kwamfuta, miƙe sambal, ko motsi ba ya yi. Na zuba masa ido na ɗan lokaci, raina bai so ba. Ni da na zo neman abu, ga shi an ce mini babu. Sai na kai hannu na murɗa maɓallin akwatin daga ɗari zuwa dubu, don in ga ƙananan motsin da ke ɓoye, da niyyar in shiga manhaja nan take in canza sikelin. Hannuna yana kan kwamfuta ke nan na ji sallamar Gwaggo Asabe da wasu tsofaffi biyu daga Gyallesu.

Inna ta ce, "Kulu, tashi daga kan abin nan ki gaida mutane. Aikin bature bai hana gaisuwa ba."

Kun san gaisuwar tsofaffi. Ina gajiya, ina ruwa, ya mai gidan, ya yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya muka ji da abin da ya sami maƙwabta, a koma a sake daga farko. Na kawo ruwa, na kawo fura, na raka su har bakin titi na tsayar musu da keke. Da na dawo ɗakin, layin yana ta 'yan rawe-rawensa gwanin sha'awa, raina ya yi fari, na ce yauwa, yanzu muke aiki. Sikelin bai ko faɗo mini a rai ba. Ƙarafan gwajin suna cikin jakata, ban ciro su ba, don a ganina ai na riga na gwada.

Ranar Inna ta tashi sallar azahar ina zaune a bakin ƙofa da kwamfuta a cinya. Ita ba ta bin jam'in masallaci, sai an watse da kamar rabin awa take gama alwalarta a hankali ta tayar. Da ta kai ƙasa, sai na ga layin ya yi ƙasa shi ma. Ta miƙe, ya miƙe. Sau huɗu, kuma bayan na biyu da na huɗu ya daɗe a ƙasa, zaman tahiya ke nan. Da ta sallame na nuna mata ina dariya.

Ta leƙa, ta taɓe baki. "Wato har sallata yake ƙirgawa? Ki gaya masa ya huta, akwai masu rubutawa tuni."

Bayan kwana goma dariya ta ƙare. Layin gaba ɗayansa yana gangarawa, kullum ƙasa da jiya. Kwamfuta ta ce daɓen ya sauka kusan milimita uku. Ga wanda bai sani ba wannan ba komai ba ne, amma daɓen siminti da ke sauka haka cikin kwana goma, a tsakiyar damina, a kan ramin da ba a san zurfinsa ba, ba wurin kwanan tsohuwa ba ne. Na buga zanen a takarda na tafi da shi shagon Yaya Garba. Na same shi yana auna wa wata mata shadda. Ya saurare ni har na gama, ya juya takardar sama da ƙasa, ya ajiye ta a kan kanta.

"Kulu, ni ban iya karatun wannan ba. Amma ni ko yadi biyar na auna, sai na sake aunawa a gaban mai saye. Kin sake aunawa?"

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Yaya, shekara ashirin nake wannan aiki. Kai awon atamfa ka sani. In ɗakin nan ya rufta da Inna, kai za ka yi wa mutane bayani, don ni na faɗa maka."

Ya naɗe shaddar ya miƙa wa matar.

Inna ta ƙi saurarona sam. Ta ce a ɗakin ta haife mu, a ɗakin aka yi wa Malam wanka, in ƙasa tana son ta ai ba sai ta yi wahalar zuwa nesa ba. Na san maganar 'ya mace ba za ta ɗaga ta ba, don haka na koma na matsa wa Yaya, safe da yamma, har ya yarda. Ku da kuka tashi a wannan zamani ba lalle ku gane abin da zan faɗa ba. Yaya Garba ɗan fari ne. Tunda nake ban taɓa jin Inna ta kama sunansa ba, ko ta dube shi ido cikin ido. Mai shago take ce masa, ko wancan. In ya shigo gaishe ta, gefe take kallo tana amsawa ciki-ciki, amma kowa ya san tuwon da ta fi gyarawa nasa ne. Ranar da ya shiga ɗakin ya durƙusa ya ce mata ta yi haƙuri ta koma gidana na Dutsen Abba har damina ta wuce, ta ce a'a sau uku. A na huɗu ya tashi ya fara naɗe mata katifa da kansa. Ina tsaye a tsakar gida, matansa suna tsaye, maƙwabta sun leƙo. Inna ta ɗago kai ta dube shi sosai.

"Garba. Kai ne za ka fitar da ni?"

Ya tsaya da katifa a kafaɗa kamar an dasa shi, sannan ya fita da ita bai juyo ba. Abin da maƙwabta suka gani ke nan, kuma shi suka kai gaba. Ni ba wanda ya ga hannuna a ciki.

Na bar na'urar tana aiki a ɗakin, na kulle, ina zuwa duk bayan kwana biyu in canza batir in kwashe awon. Ɗakin da aka kwashe yana da wani irin shiru. Ƙamshin turarenta bai fita ba, ga shacin dardumarta a daɓe, ya fi sauran wurin haske. A zuwana na uku na zauna ina duba awon kwanakin da ba kowa a ciki. Na kai kan azahar ta jiya, sai na ga layin ya yi ƙasa sau huɗu. Bayan na biyu da na huɗu ya daɗe. Na duba la'asar, haka. Na koma shekaranjiya, haka. Na tashi na taɓa kwaɗon ƙofa, na leƙa taga, ƙarafanta suna nan daram. Makulli ɗaya ne, kuma a jakata yake kwana. Ban san sa'ad da na fito tsakar gida ba, na tsaya cikin rana ina jin sanyi.

Washegari na kai wa Malam Bitrus, abokin aikina, wanda ya girme ni a aikin kuma ba ya ɗaukar shirme. Ya sa tabarau ya duba, ya tambaye ni me ke bayan bangon. Na ce masallaci.

"To ai kin ba kanki amsa, Hajiya. Mutum talatin su kai gwiwa ƙasa lokaci ɗaya, ƙasa jiƙaƙƙiya, dole daɓenki ya ji."

"Lokacin bai yi daidai da jam'i ba. Ya yi baya da kusan rabin awa."

"Agogon tsohuwar kwamfutar nan? Yaushe rabon da ki saita shi?"

Na ji kunya, na kuma ji sanyi a raina, don ban saita ba. Har na fara tattara takarduna, sai ya dafa ɗaya ya matso da ita kusa da fuskarsa.

"Tsaya. Wannan lotsawar ta yi yawa. Ko saniya ce ta durƙusa a kan siminti ba za ta saukar da shi haka ba. A kan ninki nawa kika bar akwatin?"

Na buɗe baki in ce ɗari, sai na ga hannuna a kan maɓallin, na ji sallamar Gwaggo Asabe a kunnena. Na ɗauki jakata na tari acaɓa, ni da ban hawa acaɓa. Maɓallin yana kan dubu. Na ciro ƙarfen gwaji mai kaurin kashi ɗaya cikin goma na milimita, na zura shi ƙarƙashin tsinin, kwamfuta ta ce milimita ɗaya cif. Duk abin da na auna, na ninka shi sau goma. Milimita ukun da na kai wa Yaya shago ko sulusin milimita ɗaya ba su cika ba, abin da kowane daɓe yake yi in ƙasa ta sha ruwa, ya koma in ta bushe. Ɗakin Inna lafiyarsa ƙalau. Na zauna a ƙasa na yi kuka, rabi na kunya, rabi na murna, don na san Inna za ta koma ɗakinta.

Ranar Alhamis ce. Na gyara sikelin, na gwada da ƙarfe uku daban-daban, na saita agogon kwamfuta da na hannuna. Na ce bari in ba shi kwana ɗaya in sami awo mai tsabta, in kai wa Yaya da haƙurina gaba ɗaya. Wannan karon dai na sake gwadawa, kuma da ban yi ba da ya fi.

Juma'a na iso gidan wajen ƙarfe ɗaya. Maza duk sun tafi babban masallaci, ƙaramin na bayan ɗakin an rufe shi da kwaɗo, da idona na gani da zan shigo. Matan Yaya sun tafi barka. Unguwar ta yi shiru, ko kukan akuya babu. Na buɗe ɗakin, na jawo kwamfutar har dokin ƙofa, na zauna daga waje don kada nauyina ya shiga awon. Rana tana shigowa ta taga, ina ganin kowane lungu na ɗakin, babu komai sai ƙarfe da na'ura da shacin darduma. Layin yana miƙe. Na fi rabin awa ina kallonsa, har hankalina ya kwanta, na fara shirya kalmomin da zan gaya wa Inna. Biyu ta ɗan gota, sai layin ya yi ƙasa.

Yanzu da sikelin ya daidaita, lotsawar 'yar kaɗan ce, daidai nauyin mutum ɗaya marar jiki. Ya ɗan jima, ya tashi. Na ɗaga ido na dubi wurin, na mayar kan kwamfuta. Ya sake sauka, wannan karon ya daɗe. Bakina yana ta addu'a. Na ce a raina, in masallacin Juma'a ne ƙasa ta kawo mini daga nesa, to raka'a biyu ce, a nan zai tsaya. Ya tashi. Ya sauka na uku. Ya sauka na huɗu, ya zauna. Ba mai yin huɗu da azahar ran Juma'a a unguwar nan sai mace a ɗakinta. Na lalubo wayata na kira gida. Zainab, ke kika ɗauka, ban sani ba ko kina tunawa.

Na ce, "Ina Inna?"

Kika ce, "Ga ta nan, yanzun nan ta sallame. In ba ta?"

Na ce a'a. Na dubi kwamfuta, layin ya koma ya miƙe.

Ban ce muku ga abin da na gani ba, don ban ga komai ba. Layi na gani. Na yi shekaru ina nema masa dalili: zafin kwano, bututun ruwa, wata maƙwabciya da ɗakinta ke kusa. Mai yiwuwa ɗaya daga ciki ne, Allah shi ne masani. Abin da na sani shi ne abin da na yi. Na kulle ɗakin. Ran Litinin na sa aka kwance ƙarfen, na mayar da kayan wurin aiki, na goge awon. Malam Bitrus ya tambaye ni yadda aka ƙare, na ce an gyara. Yaya ban ce masa komai ba, Inna ma haka.

Dalilina biyu ne, kuma ba na son ku zaɓar mini mai kyan. Na farko tsoro. Na kasa jure tunanin in mayar da uwata ta shimfiɗa darduma a wurin nan. Gani nake kamar ɗakin ya riga ya saba da rashinta, yana ci gaba da abinsa, in ta shiga ba za ta daɗe ba. Ni da nake yi wa mata dariya in sun ce an taɓa su a makewayi, ga ni na hana tsohuwa ɗakinta saboda layi a kwamfuta. Na biyu kuwa girman kai ne, ba wani suna da zan sa masa. Sai in koma shagon nan in tsaya gaban mutumin da na ce wa awon atamfa ya sani, in ce masa tambayarsa daidai ce, ban sake aunawa ba, na sa ya saɓi katifar uwarsa a banza. Duk sa'ad da girman kan ya ji kunya sai ya ɓuya a bayan tsoron, ni kuma na ƙyale shi.

Damina ta wuce. Inna ba ta yi mini rigima ba, da ma ta yi. Ta zauna a ɗakin da na gyara mata, mai fanka da tayil, tana cin abinci kaɗan, tana ramewa. In Yaya ya zo gaishe ta sai ta juya fuska bango, ba irin juyawar da ba. Duk ranar da na dawo daga aiki, kafin in ajiye jaka, tambayarta ɗaya ce.

"Kulu, injin naki ya yarda in koma?"

"Bai yarda ba tukuna, Inna."

"To. Allah ya sa ya yarda."

Wata biyar tana tambaya, wata biyar ina ba ta amsar nan. A gidana ta rasu, da hantsi, ba ta sake taka ɗakinta ba. A zaman makoki na fara jin ana raɗa cewa mai shago ne ya kore ta don kayansa. Ina zaune a tsakiyar mata, carbi a hannuna, na ji, na sunkuyar da kai. Shi ma ya ji. Bai taɓa cewa Kulu ce ta kawo takarda ba, don a saninsa ƙanwarsa ta ceci ran uwarsu ne, bai ga dalilin jefa ta bakin mutane ba. Ko ƙyalle ɗaya bai taɓa sawa a ɗakin ba. Yana nan a kulle har yau, daɓensa ko tsaga bai yi ba.

Kafin in rubuta wannan na ga bai kamata ku riga shi ji ba. Na sa aka kai ni shagon. Ya tsufa, 'ya'yansa ke ciniki, shi yana zaune a kujera daga ciki. Na durƙusa, da gwiwoyin nan nawa, na gaya masa komai, tun daga maɓallin har Juma'ar. Bai katse ni ba. Maganar layi da raka'a huɗu ko ɗaga kai bai yi mata ba. Da na gama ya daɗe yana kallon titi.

"Wato da ta koma, da ta kwana lafiya?"

"Da ta kwana lafiya, Yaya."

"Kuma kin sani tun tana da rai."

"Na sani."

Ya gyaɗa kai a hankali. Na ce ya yafe mini don Allah. Ya kira ɗansa ya ce ya tsayar mini da keke.

"Je ki gida, Kulu. Ba yau ba."

Yau kwana tara ke nan. Wayata tana nan kusa da ni, bai kira ba, kuma ba ni da bakin cewa ya daɗe.